Tambayoyinku: Ziyarar Castelbouc a Kwazazzabon Kogin Tarn

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna son zuwa Castelbouc a watan Oktoba, ƙauyen nan na kudancin Faransa da gidajensa ke manne da jikin dutse. Mota tana shiga har ciki? Mahaifiyata kuma tana fama da ciwon gwiwa, za ta iya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Watan da kuka zaɓa shi ne abin dubawa tun farko. Babbar hanyar kwazazzabon, D907bis, tana bin gaɓa ɗaya ta kogin, Castelbouc kuwa yana tsallake, ƙasa da kilomita 10 daga garin Sainte-Enimie. Abin da ya haɗa su wata 'yar gada ce mai ƙasa-ƙasa, wadda da gangan aka gina ta yadda ruwa zai bi ta kanta idan kogi ya cika. Daga Satumba zuwa Nuwamba yankin tsaunukan Cévennes, inda kogin Tarn ya samo asali, yakan sha ruwa kamar da bakin ƙwarya, Tarn ya tumbatsa cikin 'yan awoyi, ko da a inda kuke ba a yi ɗigo ba, domin daga tsaunukan sama ruwan yake gangarowa. Ku duba gargaɗin Météo-France, hukumar hasashen yanayi ta Faransa, da safiyar tafiyar. In kun iske ruwa ya hau gadar, ko ɗan idon sawu ne, kada ku tsallaka, a mota ko a ƙafa. Lambar gaggawa 112 ce.

Mota kan tsaya a bakin ƙauyen. Lungunan ƙunci gare su, daɓen dutse ne da matakala, kuma suna santsi da an yi ruwa, don haka a sa takalmi mai kama ƙasa. Mama ta riƙe sanda, ta tsaya a ƙasa-ƙasan ƙauyen. Kufan gidan sarautar da ke kan tsaunin, wanda aka rushe a ƙarshen ƙarni na 16 lokacin yaƙe-yaƙen addini tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta a Faransa, kada kowa ya hau shi: duwatsun ganuwar suna zubowa. Daga wurin tsayawar da ke gefen D907bis za ta ga ƙauyen da kufan gaba ɗaya ba tare da wahala ba.

Har yanzu gidajen na mutane ne, a guji leƙa tagogi. Ku je da wuri, domin zurfin kwazazzabon ya kai mita 400 zuwa 500, inuwa tana rufe shi tun kafin faɗuwar rana, sanyi ya sauko.