Shin kitse kaɗai ne ke toshe jijiyoyin jini?

Ɗan'uwa daga Sakkwato ya tambaya ko gaskiya ne ƙwayoyin garkuwar jiki suna da hannu a toshewar jijiyoyin jini, alhali an saba ɗora laifin a kan kitse kaɗai. Malam, gaskiya ne, kuma hannun nasu babba ne.

Lamarin yana farawa ne idan kolastarol mai cutarwa, wanda likitoci ke kira LDL, ya kutsa cikin bangon jijiya ya maƙale, musamman inda hawan jini, ciwon suga ko hayaƙin taba suka raunana shimfiɗar cikinta. Daga nan fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki da ake kira monosait sukan bi sahunsa, su rikiɗe su zama makrofaj, su yi ta haɗiye kitsen har su cika su mutu a wurin, gawarwakinsu kuma su zama tushen dunƙulen da ke ƙuntata hanyar jini. Abin da ya fi haɗari, a ganina, shi ne sinadaran da makrofaj ke fitarwa suna cinye murfin dunƙulen, wanda idan ya fashe jini yakan daskare nan take, a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

A 2017 gwajin CANTOS, mai mutane kimanin 10,000, ya nuna cewa maganin rage kumburi, irin wanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke haddasawa, ya rage aukuwar bugun zuciya ba tare da sauke kolastarol ba. Duk da haka rage kolastarol ne ginshiƙin magani, kuma ana iya auna shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.