Shan furobayotik bayan tiyatar hanji

Tambaya: Likita, an yi wa maigidana aiki bayan taifot ta huda masa hanji, yau kwana takwas, an kuma sallame mu. Yana gudawa, ga ɗan zazzaɓi. Mai kemis ya sayar mana da kafson furobayotik, ya ce abinci ne, ba ya cutarwa, har ma mu haɗa masa da nono. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, ki ajiye kafson, ku koma wurin likitan da ya yi aikin yau ɗin nan. Zazzaɓi da gudawa a wannan lokaci na iya zama alamar ɗinkin hanji ya fara yoyo, ko ƙurji ya taru a ciki, kuma babu kafson da ke toshe ɗinki.

Furobayotik, wato ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai da ake sha don taimakon hanji, yana da amfaninsa. Wasu nazarce-nazarce sun nuna cewa nau'o'insa da ake kira Lactobacillus da Bifidobacterium, idan likita ya tsara su gabanin aikin babban hanji da bayansa, suna rage ruɓewar rauni da gudawar da antibayotik ke jawowa. Amma sakamakon ya danganta da irin ƙwayar da adadinta.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan magana ta "ba ya cutarwa", wadda nake ji kullum daga bakin masu kemis da masu talla a WhatsApp. Ƙwayoyi ne masu rai, kuma hanjin da aka yanka aka ɗinke bai gama tsare su daga shiga jini ba. A shekarar 2008 aka wallafa gwajin da aka yi a Holan kan masu tsananin kumburin fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi mai taimaka wa narkar da abinci): kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka ba furobayotik suka rasu, alhali kashi 6 ne kawai cikin waɗanda ba a ba ba. Saccharomyces boulardii kuwa, wani nau'in furobayotik da ake yawan sayarwa don gudawa, an hana bayar da shi ga wanda aka zura wa robar ƙarin ruwa a babbar jijiya ko mai raunin garkuwar jiki, domin yana iya shiga jini. Mai kemis bai ga hanjin maigidanki ba, bai san tsawon da aka yanke ba, da wane ilimi zai yanke hukunci?

Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu, don haka a bar shi tukuna. Kada kuma ya daina antibayotik ɗinsa. Idan cikin ya kumbura, ko ya fara amai kore, ko ruwa ya ɓullo daga rauni, ko cikin dare ne ku nufi sashen gaggawa.