Jirgi a kan bel mai gudu baya: zai tashi?

Ka ce in aka ɗora jirgin sama a kan doguwar bel irin ta injin motsa jiki, tana gudu baya daidai saurin da jirgin ke yi gaba, ba zai tashi ba. Zai tashi, yaro. Kuskurenka shi ne da idon makanikin mota ka kalle shi.

Mota da tayarta take tura ƙasa, shi ya sa bel za ta iya riƙe ta wuri ɗaya. Yanzu leƙa ƙafar jirgi. Ka ga giya? Ka ga wani ƙarfe da ya taho daga inji? Boris ne kawai da birki, tayar sake take. Farfela ce ke tunkuɗa iska baya, jirgin ya yi gaba, kuma iskar nan ba ruwanta da bel.

Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya. Nauyinta da cikakken lodi bai wuce kilo 1,160 ba, kuma tana ɗaga hanci idan iskar da ke bugun fukafukai ta kai wajen kilomita 100 a awa. Turjiyar taya a kan kwalta kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin ce, wato jan kilo 23 ko makamancin haka. Abin da bel za ta iya ja ke nan, ko ta ƙara gudu turjiyar ba ta ƙaruwa sosai. Farfela ta ninka wannan sau da yawa. Jirgin zai kai 100 ɗinsa, tayoyi ne kawai za su riƙa juyawa kamar ana gudun 200. An gwada da ƙaramin jirgi a shirin talabijin na MythBusters na Amurka a 2008, mota na jan tamfol a ƙarƙashinsa, ya tashi.

Inda aikinmu na makanikai ya shigo shi ne tayar. Babban jirgin fasinja Boeing 737 kan bar ƙasa a wajen kilomita 270 a awa, galibin tayoyinsa kuwa iyakar gudunsu mil 225 a awa, kusan kilomita 360. A kan bel taya za ta ninka gudu: ninka 270, ka samu 540. Robar na iya yin zafi ta ɓare, gurus ɗin boris ya ƙone, kafin a kai ga tashi. Shi ya sa nake cewa ka karanta iyakar gudun da ke jikin taya kafin ka ɗaura ta.

Masu cewa bel ta bi saurin juyawar taya ne ba na jirgi ba, lissafinsu ba ya fita, domin saurin taya shi ne na jirgi haɗe da na bel. Saurin taya da na bel ba za su zo daidai ba sai jirgin na tsaye, kuma babu abin da zai tsayar da shi in ba birki ba.