Furanni da rana, fitilu da dare: ina matsalar hotunana take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani babban lambu a bayan gari da ake ƙawata shi da fitilu masu launi idan lokacin furanni ya yi. Da rana jajayen furanni kan fito min kamar an shafa fenti, da dare kuma fitilu kaɗai ake gani, sauran wurin baƙi ƙirin. Ko kyamarata ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ɗora wa kyamara laifi, duba lokacin da kake ɗaukar hoton, don a nan yawancin matsalar take.

Rana tsaka ba ta yi wa fure adalci. Haskenta mai ƙarfi ne, yana shafe jijiyoyin da ke jikin fure, ya bar inuwa mai kauri a ƙarƙashinsa. Ja ya fi kowane launi shan wahala, domin kyamara kan cika shi fiye da kima har zanen jikinsa ya ɓace. Ka je da sanyin safiya, lokacin da raɓa ke kan ganye kuma iska ba ta taso ba, ko da yamma liƙis. Ranar da gajimare ya rufe rana ma ka samu garaɓasa. Rage hasken hoton kaɗan a ma'aunin haske na kyamara (mai alamar +/-), zuwa -0.7 ko -1, za ka ga jijiyoyin sun dawo. Sannan ka durƙusa daidai tsayin furen maimakon ka leƙo shi daga sama. Idan kana so bayansa ya dushe, buɗe idon kyamara zuwa f/2.8 ko f/4. Idan iska na kaɗa shi, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa.

Batun fitilu kuwa, kuskuren mutane shi ne jiran dare ya tsala. A lokacin tazarar da ke tsakanin hasken fitila da duhun lambu ta fi ƙarfin kyamara: ko ta kama fitilun ta rasa bishiyoyi, ko ta kama bishiyoyin fitilun su zama farin dunƙule. Lokacin da ya dace shi ne kamar minti 20 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, sama tana shuɗi, an kunna fitilu, furanni kuma ba su ɓace ba tukuna. Ba ya daɗewa, don haka ka zaɓi wurin tsayawa tun da sauran haske.

Kashe filasha, ba abin da za ta yi sai kashe launin fitilun. Ɗora kyamara kan sandarta mai ƙafa uku, ko kan benci idan masu lambun sun hana shiga da ita (wasu na hanawa saboda cunkoso, ka tambaya tun a ƙofa). Bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100 zuwa 400, ka saita jinkirin daƙiƙa 2 don kada taɓawar yatsanka ta girgiza hoton. Idan ka tsuke idon kyamara zuwa f/11 ko f/16, kowace fitila kan fito da tsinin haske kamar tauraro.

Wani abu kuma: fitilun LED da yawa suna ƙyaftawa da saurin da ido ba ya gani. Idan ka ga wasu sun fito a kashe ko hoton ya yi ratsi-ratsi, rage saurin ɗauka zuwa 1/50 ko ƙasa da haka. Mai waya ya goge gilashin kyamarar, ya taɓa fitila a allo ya ja hasken ƙasa, ya jingina hannunsa da wani abu har tsarin ɗaukar hoton dare na wayar ya gama ɗauka.