Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul: Ko Zan Iya Kunna Ta Kai Tsaye?

Tambaya: Na gaji amfilifaya mai bawul (wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti) daga mahaifina, kuma ta fi shekara 20 a ajiye ba a kunna ta ba. A ido bawul ɗinta lafiya suke. Shin zan iya jona ta da wuta in gwada?

Amsa: Allah ya ji ƙan mahaifinka. Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka jona ta kai tsaye. Bawul kan daɗe a ajiye ba su lalace ba; inda haɗarin yake shi ne manyan kafasito, wato sassan da ke tara wuta su tace ta. A cikin kowanne akwai wani siririn rufi a kan fallen alminiyam, wanda wutar da ke bi ta cikinsa take sabuntawa, kuma idan aka daɗe ba a kunna ba, rufin yakan raunana. Idan aka sakar masa bolt 400 ko 450 da amfilifayar ke samarwa a cikinta lokaci guda, sai ya ja wuta fiye da kima, ya yi zafi, ya kumbura ko ya fashe, wani lokaci ma ya ƙone taransifoma, wadda samun madadinta ke da wuya ƙwarai.

Ka fara duba rubutun da ke bayanta, domin wadda aka ƙera don bolt 110 zuwa 120 ba ta jure 230. Ka duba fis da wayar wuta, sannan ka haɗa mata lasifika mai om ɗin da ya dace, 4 ko 8 ko 16, saboda amfilifaya mai bawul da ke aiki babu lasifika tana iya lalata taransifomar sauti.

Hanyar da masu gyara ke bi ita ce ɗaga wutar sannu a hankali da na'urar Variac, wadda ake murɗawa don ƙara ko rage bolt, a cikin sa'o'i, don rufin ya sake ginuwa. Ana kuma saka ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin wutar kafin ta shiga amfilifayar: idan ya haska sannan ya dushe, alama ce mai kyau, idan ya ci gaba da haske sosai, a kashe nan take. Sai dai idan bawul ne ke juya wutar soket (AC) zuwa irin wadda kafasito ke tarawa (DC), kamar 5U4 ko GZ34, ba zai fara aiki ba sai zarensa ya yi zafi, don haka matakan farko na Variac ba sa isar da komai ga kafasito.

A lokacin gwajin, warin ƙuna, ko gunji mai ƙarfi, ko farantin cikin bawul ya yi ja, duk dalilai ne na tsayawa. Jan farantin sau da yawa yana nuna tsofaffin ƙananan kafasito na takarda suna yoyon wuta.

Ra'ayina shi ne, bayan wannan daɗewa, a canza kafasiton gaba ɗaya ya fi lallaɓa su. Aikin ƙwararre ne, domin kafasito na iya riƙe wutar da za ta kashe mutum ko bayan an cire filogi, kuma dole a sauke ta a auna da mita kafin hannu ya shiga ciki.