Fuskar ado ta takarda: me ya sa take yin fumfuna?

Malama, kin ce kina Bauchi, kin fara haɗa fuskokin ado na rataye a bango da tsohuwar jarida da kullun sitaci, amma bayan kwana biyu sai su yi fumfuna su lanƙwashe.

Laifin garaje ne, ba na takardar ba. Ni ma na sha wannan. In kin shafa layi na farko a kan balan-balan, ki bari ya bushe ƙarau kafin ki ɗora na biyu. Layi 4 zuwa 5 ya wadatar. Ki yage jaridar da hannu, kada ki sa almakashi, domin bakin da aka yage ya fi kwanciya luf. Kullun kuma kada ya yi kaurin tuwo, ya tsaya kamar koko, ki barbaɗa gishiri kaɗan a ciki, yana rage fumfuna. In kin samu ƙaro, ki jiƙa ki gauraya, yana ƙara mata ƙarfi.

Lokaci ma da ruwansa. Da hunturu yini guda ta bushe, amma a watan Agusta sai ki yi kwana uku kina jira.

Ni dai yanzu ƙwarya na fi so. Ki leƙa kasuwar Muda Lawal ko Wunti, ki zaɓi mai kauri, ki huda idanu da wuƙa mai tsini, ki zana ado da ƙarfe mai zafi yadda masu sassaƙar ƙwarya ke yi. Ta takardar kuwa, ki shafa mata banish bayan fenti, saboda kyankyasai na son sitaci.