Yaya hotunan ido da yawa suke komawa hoto ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na raka mahaifiyata gwajin ido saboda ciwon suga. An yi ta ɗaukar ido ɗaya hoto, ana ce mata ta dubi sama, ta dubi gefe, amma da aka nuna mana a kwamfuta sai muka ga hoto ɗaya mai faɗi. Yaya aka yi haka, kuma za a iya dogara da shi? Daga wata 'yar'uwa a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Abin da ake ɗauka shi ne tantanin bayan ido, wato retina. Ta ƙwayar ido kyamara take leƙawa, don haka yawancin kyamarorin ɗan ɓangare kawai suke gani a ɗauka ɗaya, mai faɗin kusurwa digiri 30 zuwa 50. Shi ya sa aka yi ta sa ta juya ido, kowane hoto ya kamo wani ɓangare, ya kuma ɗan hau kan na kusa da shi.

Wannan hawan shi ne sirrin aikin. Manhaja tana bin jijiyoyin jini, tana lura da wuraren da suka rabu biyu ko suka gitta juna, domin waɗannan alamu ba sa gusawa. In ta sami alamu iri ɗaya a hotuna biyu, sai ta lissafa yadda za ta matsa ɗaya ko ta karkata shi har su dace. Wahalar ita ce bayan ido a lanƙwashe yake kamar cikin ƙwarya, hoto kuwa a shimfiɗe, dole sai an ɗan miƙe gefuna. A 2002 Ali Can da Charles Stewart da abokan aikinsu a Amurka suka wallafa hanyar lissafi mai ma'auni 12 saboda wannan lanƙwasa. Daga ƙarshe a daidaita haske don kada mahaɗar ta fito.

Ko kafin kwamfuta ta karɓi aikin, wani binciken illar ciwon suga ga ido mai suna ETDRS hotuna 7 yake ɗauka, masu rufe kusan digiri 75. Wata kyamara ta musamman mai suna Optos tana kamo digiri 200 a ɗauka ɗaya, sai dai tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba. Ni a ganina nan haɗa hotuna ya fi yi mana rana, har ga masu sikila, waɗanda illar cutar ga idonsu ta gefen retina take farawa.

Batun dogaro kuwa, e, amma da sharaɗi. Yanar ido ko ƙyaftawa suna dusashe hoto, manhaja ta rasa alamu, har jijiya ɗaya ta fito biyu, ko ƙaramin ɗigon jini ya ɓace a mahaɗa. Ki tambayi likitanku ko ya duba hotunan asali ɗaya bayan ɗaya, ki kuma nemi a adana su don kwatantawa a gwajin baɗi.